Sinkiro na babban babur: nemo inda iska ke satar hanya kafin ka taɓa bis

Wannan bayani na masu manyan babura ne, masu silinda biyu zuwa huɗu irin waɗanda ake shigo mana da su na hannu daga Turai, su Transalp, tsohuwar Africa Twin 750, TDM, Bandit, Hornet, Fazer, V-Strom da GS. In naka mai silinda ɗaya ne irin su Haojue ko Boxer da suka cika Yamai, babu sinkiro, wato daidaita zuƙar silindu, da za a yi maka tunda maƙogwaro ɗaya ne, amma kar ka wuce, duk maganar yoyon iska da zan yi ta shafe ka kai ma.

Ga yadda abun yake. Kowace silinda tana da maƙogwaronta na shaƙar iska, ko karbirato ne ko injeksiyo, kuma a cikin maƙogwaron akwai wani faranti mai juyawa, papiyo, shi ne yake buɗewa in ka murɗa totur. A ralanti, wato inji na aiki ba a murɗa totur ba, papiyon nan kusan a rufe yake, piston na sauka yana zuƙa, iska ba ta samun hanya sosai, sai zuƙa ta taru a bayan papiyon. Wannan zuƙar muke aunawa. Sinkiro shi ne a sa kowace silinda tana zuƙa daidai da 'yar uwarta, sabida in ɗaya ta fi buɗewa ita ke ɗaukar aikin sauran suna bin ta, kaman shanun huɗa biyu ne ɗaya na ja ɗaya na noƙewa, garma ba za ta miƙe ba. Nan ne za ka ji babur na kakkarwa a ralanti, yana fizga in ka tashi daga danja, kuloci na ƙara kaman an zuba tsakuwa a ciki alhali lafiyarsa lau.

Abun da nake so ya zauna maka tun yanzu: yoyon iska da rashin sinkiro kama ɗaya suke a kan ma'auni. Silindar da robarta ta tsage za ta nuna zuƙa kaɗan, daidai yadda za ta nuna in papiyonta ya fi buɗewa. Wanda bai bincika ba sai ya kama bis yana murɗawa har ma'auni ya daidaita, ya ce an gama, a biya shi a tafi. Alhali bai gyara komi ba, ɓoye ciwon ya yi. Silindar nan tana ci gaba da shan iska ba tare da esansi isasshe ba, tana ƙona da zafi fiye da sauran, ga ƙura tana shiga kai tsaye ba ta bi ta filta ba, kuma mu da muka san ƙurar hunturu ta garin nan mun san mi take yi wa sigma, wato zobban piston, da jikin silinda. Wannan ne ke ba ni takaici in na ga an yi, babur mai tsada ana kashe shi a hankali da sunan gyara.

Abubuwan da ake gamawa tukunna

Supap ne farko, kuma da inji mai sanyi ake auna shi, wanda ya kwana bai tashi ba. Supap da ya matse ba ya rufewa da kyau, zuƙar silindar sai ta ragu, in ka yi sinkiro yau ka gyara supap gobe to aikin jiya ya tashi a banza. Sai filtar iska, a wanke ko a sake, ka kuma duba bakin akwatin filtar ko ya zauna daram. Sai buji. Ka fiddo su duka ka jera su bisa tsari, na silinda ta 1, ta 2, har ƙarshe, kar ka cakuɗa su, sabida su ne shedunka na farko. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, wanda ya yi fari fat shi ke gaya maka silindarsa iska ta mata yawa, baƙi mai kunkunniya kuma esansi ne ya yi yawa. Wayar totur ita ma ta kasance da ɗan wasa a hannu, milimita 3 zuwa 5 ya yi ga mafi yawansu, in ta ɗaure ita kanta tana ɗaga papiyo. In kana da abun auna komparesiyo ka auna, silindar da ta yi ƙasa da sauran fiye da kashi 10 cikin 100 matsalarta ta wuce ta bis.

Farautar yoyo

Alamar da na fi yarda da ita ita ce ralanti mai rataya: ka ba shi wuta ka saki, maimakon allurar agogon juyin inji ta dawo wurinta nan take sai ta tsaya a 2,000 ko sama tana tunani, sannan ta sauko a hankali, wani lokacin ma ta wuce ƙasa injin ya mutu. Ko ralantin ya dinga hawa da sauka shi kaɗai. Ko babur ya fi jin daɗi in ka ɗan ja cok ko da ya yi zafi, wannan ma magana ce, yana gaya maka esansi ya masa kaɗan.

Fara da ido da hannu. Cire tanki, samu tocila mai haske, ka bi robar wuya ɗaya bayan ɗaya, wato robar da ta haɗa maƙogwaro da kan inji. Rana da zafin Yamai, wanda a watan Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, ga zafin inji a kai, suna busar da robar nan har ta koma kaman busasshiyar fata, kuma baburan nan wasu sun haura shekara 20 da robarsu ta asali. Kar ka tsaya kallo kawai, ka kama jerin maƙogwaron ka ɗan ɗaga ka ɗan danna kana haskawa, tsagar da take ɓoye a ƙasan robar a lokacin take buɗe baki. Ba kowace tsaga ce ta ratsa ba, wata a fatar waje ta tsaya, shi ya sa gwaji ke biyo baya. Duba kolye, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure robar, ko ya kwance, ko kuma an ɗaure shi fiye da kima har ya yanka robar, wannan na biyun ya fi yawa a hannun yara masu ƙarfin hannu. Sannan ƙananan hulunan roba da ke rufe bakin wuraren auna zuƙa, su ne suka fi komi saurin fashewa kuma su ne aka fi mantawa da su. Sai duk wani siririn tiyo da ya fito daga wuyan inji, ka bi shi har inda ya ƙare.

Sai kunne. Tada inji, ɗauki guntun tiyo kaman rabin mita, baki ɗaya a kunnenka ɗayan kana zagaya robobin da shi. Wurin da ke yoyo yana wani siririn shiii da ba ka jinsa da kunne zalla sabida ƙarar inji.

Sai ruwa. Ni shi nake fara amfani da shi kafin komi mai kama wuta, kwalbar feshi irin ta masu aski ta isa. Inji na ralanti, ka fesa kan roba ɗaya, ka dakata ka saurara, sannan ta gaba. In akwai tsaga sautin injin zai canza nan take, ko ya yi tuntuɓe ko ya ɗan lafa na daƙiƙa biyu sabida ruwan ya toshe ramin. Kar ka fesa kan bobin da wayoyin buji, za su ruɗa ka.

In ruwa bai nuna komi ba kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, sai feshin wankin karbirato na gwangwani, da siririn tsinkensa, ɗan tsit a wuri ɗaya. Shi yana ƙonewa, dan haka in ya shiga ta tsaga ralanti zai motsa, ko sama ko ƙasa. Amma dan Allah a waje, ba cikin shago ba, nesa da salansa, da abun kashe gobara ko bokitin yashi kusa, kuma mai shayi da gawayinsa ya matsa can. Ka lura kuma kar feshin ya bi ta bakin filta, in ya bi nan injin zai amsa ka zaci yoyo ne. Kar ka manta da gefen maƙogwaron inda sandar papiyo ta ratsa, akwai 'yan zobban roba a wurin da suke cinyewa a tsofaffin babura.

A baburan injeksiyo na baya-bayan nan feshi ya kan yi ƙarya. Ƙwaƙwalwar babur tana da abun da take riƙe ralanti da shi, kana fesawa tana gyarawa kafin kunnenka ya kama. A nan hayaƙi ne maganin. Inji a kashe, tanki a cire a ajiye nesa. Samu kwalba mai murfi ka huda biyu ka sa tiyo biyu, ka kunna turaren tsinke uku ko huɗu a ciki, tiyo ɗaya ya tafi famfon keke, ɗayan mai tsawo ya tafi bakin auna zuƙa na silindar da kake zargi. Toshe bakin maƙogwaron ta sama da leda da roba, ka dinga bugawa sannu sannu, ba ƙarfi ake so ba. Inda hayaƙi ya ɓullo nan ne ɓarawon. In ka ga yana fita ta salansa to supap biyu ne suke buɗe tare, sa giya ka ɗan juya tayar baya ka sake.

Akwai kuma robine, wato makunnin esansi na tanki, mai aiki da zuƙa a baburan karbirato da yawa. Tiyonsa yana fitowa daga wuyan silinda ɗaya. Zare shi ka duba, in ka ga jiƙar esansi a ciki to fatar robinen ta huje, ita wannan ba iska take sa wa ba, esansi take ɗura wa silinda ɗaya, bujinta baƙi ƙirin.

Abubuwa biyu da ke kama da yoyo amma ba shi ba ne, ka san su kar ka sayi roba a banza. Na farko ƙaramin jiklar na ralanti, wato mafitar esansi a cikin karbirato, da ya toshe, raminsa siriri ne ƙwarai, esansin kwalba na bakin hanya in ya zo da datti ko babur ya daɗe a ajiye, shi ke fara toshewa, kuma alamunsa kusan ɗaya ne da na yoyo. In ruwa da feshi da hayaƙi duk sun wanke robobi, buɗe karbirato. Na biyu fat-fat ɗin salansa in ka saki totur, sau da yawa daga bakin salansa ne inda ta haɗu da kan inji, ko daga tsarin da ke tura iska cikin salansa dan rage hayaƙi, ko kawai an sa salansar kwalliya mai buɗaɗɗen ciki.

Robar da ta tsage sakewa ake yi. Silikon na gwangwani esansi na cinye shi, in ma ka shafa a waje to na kai ka gida ne kafin kaya su iso. Sabuwar roba ko ta hannu mai kyau, ka jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi kafin sawa, ka sake zoben da ke ƙarƙashinta in irin mai zobe ce, ka tura maƙogwaro har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaure kolye daidai, ba har sai ya yi kuka ba.

Ma'auni

In kana da agogo huɗu na auna zuƙa ko ma'aunin kanti mai suna Carbtune, madalla. Masu agogo dai ku fara haɗa su ɗaya bayan ɗaya a silinda guda ku ga ko suna faɗin magana ɗaya, masu arha sukan saɓa wa juna, ka daidaita inji a kan ƙaryar agogo.

In babu, haɗa naka, kuma wallahi ya fi agogo mai arha gaskiya. Je Katako ka sayi farin tiyon nan da magina ke auna lebur da shi, siriri, mita 5 zuwa 6. Lanƙwasa shi biyu ka kafa a jikin katako mai tsawon kaman mita ɗaya da rabi, lanƙwasar a ƙasa, bakuna biyu su haura saman katakon sannan su sauko zuwa inji. Zuba mai a ciki har ya kai santimita 50 ko 60 kowane gefe, man 2T ko jan man giya otomatik sabida a gan shi da kyau, ka bar shi tsaye kumfa ta fita duka. Mai ake sawa ba ruwa ba, dan in inji ya zuƙe shi hayaƙi kawai zai yi. A kowane baki ka cusa tsohon ƙaramin jiklar, shi zai hana man tsalle-tsalle. Gefen da man ya hau shi ne ya fi zuƙa, ma'ana papiyonsa ya fi rufewa. Littattafan gyara suna ba da awo da merkuri, Yamaha da yawa suna cewa kar bambanci ya wuce milimita 10, kuma merkuri ya fi mai nauyi kusan sau 15, ke nan milimita 10 ɗin nan kusan santimita 15 ne a tiyonka. In ka kawo bambanci cikin santimita 4 ko 5 ka wuce abun da littafi ya nema, kar ka kwana kana neman sifili.

Aikin kansa

Da sassafe ake yinsa kafin rana ta buɗe, a fili inda iska ke wucewa, hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki kisa yake. Zagaya da babur minti goma ya yi zafi sosai, cok a rufe. Kafa shi a tsaye, sa fanka a gabansa, musamman irin tsohuwar Bandit da iska da mai ke sanyaya ta, ita ba ta son dogon ralanti ko kaɗan, in aiki ya ja ka kashe ta huta. Mai karbirato ka rataya masa 'yar kwalbar esansi sama da tiyo a madadin tanki. Mai injeksiyo kuma ɗaga tankin ake yi a tokare shi, famfo na ciki kuma tiyon yana ɗauke da matsi wajen bar 3, ba abun zarewa da wasa ba ne. Akwatin filta ya zauna a wurinsa in dai hannu zai kai ga bis.

Cire hulunan, haɗa ma'auni, duk bakin da ba ka aunawa ya kasance a toshe. In akwai siririn tiyo da ke zuwa sansar auna matsi, kar ka bar ta a zare, sa mahaɗi mai baki uku, sai in littafin baburinka ya ce a cire. Tada inji yatsanka na kan makashi, in man ya ruga gefe ɗaya ka kashe kafin ya kai baki, ka murɗa bis kaɗan ka sake tadawa. Sa ralanti inda littafi ya ce, masu huɗu galibi wajen 1,200 zuwa 1,400 ne.

Mai silinda biyu bis ɗaya ne tsakanin karbirato biyun, shi kenan. Mai huɗu yawanci uku ne: ka daidaita 1 da 2, sannan 3 da 4, sannan na tsakiya ya haɗa ɓangarorin biyu, da tiyon katako sai ka dinga matsar da bakunan, a ƙarshe ka auna 2 da 3. Wasu kuma suna da karbirato guda da ba shi da bis, shi ne uba, sauran ake kawowa wurinsa.

A nan haƙuri ne duka aikin. Murɗa kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ma ya yi yawa wani lokacin. Zare turnabis ɗin gaba ɗaya kafin ka karanta, sabida nauyin hannunka kaɗai yana danna papiyo ya canza awo. Ba shi wuta sau biyu ka saki dan komi ya koma mazauninsa, jira man ya natsu, sannan ka duba. Za ka ga ralanti na hawa da kansa yayin da silindu ke haɗa kai, dawo da shi wurinsa ka sake dubawa, tunda gyaran wannan yana taɓa wancan, zagaye biyu ko uku ba abun mamaki ba ne. In fankar radiyato ta tashi dakata har ta tsaya, tana jan wuta ralanti ya sauka. Kunnenka ma zai gaya maka, ƙarar kuloci ta ɓace, sautin ya zama ɗaya.

Injeksiyo, irin FZ6 daga 2004 ko TDM 900, ba papiyo ake murɗawa ba, akwai 'yan bis na ƙaramar hanyar iska da ke kewaye papiyon, su ake taɓawa, kuma ɗaya daga ciki shi ne uba ana barinsa. Kafin ka fara, ƙirga zagayen kowane ka rubuta, in an ruɗe ka san hanyar komawa. Bis ɗin da ka gani da ɗigon fenti a kan matokarin papiyo daga masana'anta aka saita shi tare da sansar totur, kar ka kusance shi, gyara ɓarnarsa sai da kwamfuta. Wasu baburan ma sai an sa kwamfuta ta tsayar da abun riƙe ralanti kafin a auna, waɗanda totur ɗinsu na lantarki ne babu waya kuma a kai wa mai na'ura. Tsofaffin GS na BMW masu waya kowane gefe suna da mataki biyu, manyan bis na tagulla na ralanti ne, wayoyin kuma su ke daidaita lokacin da aka fara buɗe totur.

Ga wata alama da ba a wasa da ita. In silinda ɗaya sai da ka kai bis ɗinta ƙarshe kafin ta zo daidai, ko ta daidaita a ralanti amma da ka ɗaga zuwa 3,000 ta ware ita kaɗai, tsaya nan. Ba sinkiro ke damunta ba. Koma kan robarta, supap ɗinta da komparesiyo.

In komi ya zauna, kashe inji, cire ma'auni, sa sabbin huluna in tsofaffin sun taurare, mai da tiyon robine wurinsa, ka ƙirga bakunan da yatsa ka tabbata babu wanda aka bari a buɗe. Tada shi ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, in ralanti ya motsa wayar totur ce ta ɗaure a hanya, gyara ta kafin ka hau. Sannan ka fita gwaji, ba gudu ake nema ba, giya ta biyu a hankali cikin unguwa da totur kaɗan a buɗe shi ne inda rashin sinkiro ke nuna kansa, sai ka hau hanyar Dosso ka ɗan ja ka saki ka ga allura na dawowa wurinta kai tsaye. Bayan sati ka sake fiddo bujin ka jera su, launinsu ya kamata ya zo ɗaya. Daga nan duk kilomita 10,000 ko duk lokacin da aka taɓa supap ka sake aunawa, robobin wuya kuma ka haska su da tocila a ƙarshen bazara, bayan zafi ya gama gasa su.